Wai Ni Kaɗai Na Reni Ubanka

Abemama,
Ranar Talata.

Zuwa ga jikana Baiteke,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga sanyin ƙasar mutane, ya sa albarka a tsinkar tuffar da kake yi. Na ga hoton da ka aiko. Wannan gemun ka aske shi, ja'iri, ka koma kamar kwakwar da ba a ɓare ba. Mu nan lafiya lau. Ƙanwarka Teuota ta sauka, namiji, da hanci irin naku, Allah dai ya ba shi haƙuri.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san ubanka ya tsaya takarar majalisa. To, ya zo mana da wani saurayi daga babban birni Tarawa, Iotebwa, mai farin takalmi, wanda aikinsa wai gyara ɗan takara yadda jama'a za su so shi. Shi ya raba ubanka da baƙin tabarau, ya koya masa riƙe tarun da rabonsa da shi tun yana firamare. Ya ce masu zaɓe ba alkawari suke riƙewa ba, labari suke riƙewa, kuma tun da mata sun fi yawa a tsibirin nan, labarin uwa ake nema. Suka zaunar da ni ina saƙar tabarma, suka kafa mini na'ura a baki. Ka san kakarka da surutu. Na ba su na ranar da guguwa ta yaye rufi ina rungume da ubanka, har na ƙara gishiri. Na kuma ba su na kakanka, yadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jiragen ruwan Turawa yana kankare tsatsa don yaron nan ya yi karatu. Wannan ɗin suka yanke.

Abin ya fito a rediyo muna cikin cin kifi da babai, gwazan nan namu. Muryata ta wuce, sai ga ta ubanka, wai shi ɗa ne da uwa ta rena ita kaɗai, babu uba a gida. Kakanka ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya fita wajen kwalekwalensa. Washegari a bakin rijiya maƙwabciyarmu Nei Aroita ta tare ni, wai ashe gwauruwa ce ni ba su sani ba, to wane ne tsohon nan da ke minshari a ɗakina? Na ce hayarsa na ɗauko, in tana so in ba ta aro ranar Lahadi. Aka yi ta dariya har da ni, amma da na dawo sai da na ɓuya a bayan madafa.

Ranar taro a maneaba, zauren garinmu, Iotebwa ya zo da ladabinsa da tabarsa, yana roƙon tsoho ya huta a gida, wai in aka gan shi kusa da ɗan takara labarin zai yi rauni. Mutumin da ya gaji wurin zamansa a zauren nan tun daga kakanni! Na ritsa ubanka a bayan coci na wanke shi tas. Ya kama hannuna yana Mama ki yi haƙuri, salon magana ne kawai, kowa a nan ya san Baba, bayan zaɓe zai gyara. Na ce to in kowa ya san shi, wa kake yi wa ƙaryar? Bai iya kallon idona ba.

Na kai wa kakanka maganar ina sa ran zai tashi in samu abokin faɗa. Sai ya ce in ƙyale yaro, bai yi ƙarya ba. Ranar da yaron ya fara tafiya shi yana teku, ranar da yaron ya karye a hannu shi yana teku, kuma duk dawowarsa sai yaron ya laɓe a bayan zanena yana tambayar wane ne wannan baƙon. Baiteke, da wannan maganar gara ya zage ni.

Jiya jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Nonouti ya tsaya. Kakanka ya ce zai je can wajen ƙanwarsa ya zauna, kada ganinsa ya ɓata wa yaro tsari, kuma bai ce ga ranar dawowa ba. Abin da ya dame shi kawai, wai ubanka zai rasa ƙuri'arsa. Ni na raka shi bakin ruwa. Ubanka yana ƙauyen gaba, ana ɗaukarsa hoto da tsofaffin wasu.

Kai kaɗai ubanka yake jin kunyarka. Ka kira shi, ka ce ya je ya ɗauko ubansa da kansa, ba mai hoto, ba Iotebwa, kuma tun kafin a kaɗa ƙuri'a. In ya bari sai bayan zaɓe, na san tsohon nan, zai yi masa murmushi ya ce ba kome, amma ba zai biyo shi ba.

Uwarka Nei Rakera da Teuota suna gaishe ka. Ka gai da kawunka Tabuaka da iyalinsa, ka ce ya rage giya. Yau da safe na zuba shayi kofi biyu kafin in tuna. Maganarsu dai ta tabbata, yanzu ni kaɗai ce a gidan.

Kakarka mai ƙaunarka,
Nei Tokanikai