Hoton Kakan Iya

Rano, Talata

Zuwa ga ƙanwata Afra'u,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya a Durba. Iya tana nan, sai ciwon gwiwa.

Yayanmu Sharu ya rataye wani hoto a zaure. Dattijo ne da rawani da alkyabba, yana zaune a kan kujera, takardar ta yi ja kamar ta sha hayaƙi. Ya ce kakan Iya ne, Malam Alu, wai wani Bature ya ɗauke shi tun kafin Turawa su ci Kano, wai daga Ingila aka aiko masa da shi. Kin san yana neman sarautar mai unguwa. Yanzu mutane har layi suke yi, ana cewa ashe gidanmu gidan manya ne. Iya ta daɗe tana kallon hoton, ta share hawaye.

Ni dai raina bai kwanta ba. Wataƙila hassada ce, kin san halina.

Yayanki,
Ismail

Rano, Asabar

Afra'u,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na sake duba hoton da rana, a tsanake. Hannun kujerar na hagu ɗaure yake da waya. A kanta na zauna a shagon Maharazu mai hoto ranar aurena, har wayar ta yage min riga. Na je shagon. Kujerar tana nan, alkyabbar aro tana rataye. Maharazu ya yi ta tambayata lafiyar iyali, ya ƙi haɗa ido da ni.

Idan na yi magana, Sharu ya rasa sarauta, Iya kuma ta rasa kakanta a karo na biyu. Na kasa faɗa, sai na tambayi Iya a hankali ko ta gane dattijon da ke hoton.

Ta ce Malam Alu bai taɓa zama a kujera ba, a buzu ya rayu, a buzu ya cika. Tun ranar farko ta san ba shi ba ne. Saboda Sharu ta yi kukan. Ta hana ni tona shi, ta ce ita za ta kira shi ɗaki.

Sannan ta ce, "Ka kai ni wurin mai hoton nan ya ɗauke ni tun ina da rai, kada bayan na tafi wani ya ara muku wata uwar."

Ki aiko mata da mayafinta shuɗi da ta bari a wurinki. Shi take so.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Ismail