Motar Ungozoma Alfhild

Lysvik, 9 ga Maris

Zuwa ga Yayata Majken,

Gaisuwa mai yawa daga nan bakin tafki. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Ylva da yaranta, kuma sanyin Luleå bai kulle ki a ɗaki ba. Yaya idon? Na yi rubutun nan da manyan haruffa don ki karanta da kanki, ba sai 'yarki ta karanta miki ba. Akwai maganar da nake so ki fara ji kafin ita.

Kin ce a waya kina so ki zo da rani in zaga da ke ƙauyukan da Mama ta yi aikin ungozoma, a cikin motarta, tun kina iya ganin hanya. Na ce miki to. Abin da ban faɗa ba shi ne, shekara biyu ke nan motar ba ta tashi ba, kuma laifina ne. Shekarar da aka yi mini aikin ƙugu na manta ban zubar da ruwan lagireto ba. Sanyi ya zo, ruwan ya daskare, ya tsaga injin daga sama har ƙasa. Duk tambayar da kika yi nakan ce tana nan lafiya, in yi sauri in kawo wata magana.

Maƙwabcina Östen, wanda ya yi ritaya daga gyaran bas, ya leƙa ciki ya ce wannan sai dai addu'a. Ya ce a nemo wani tsohon inji a saka. Na yi tunani, na ga ko an saka ba na Mama ba ne, kuma ni ban san kan injin fetur ba. Shekara arba'in na yi ina aikin lantarki a kamfanin takarda, shi kaɗai hannuna ya sani.

To Yaya, na cire injin ranar Asabar. Na samo injin lantarki da batura daga wata motar da ta yi hatsari, a wurin masu sayar da ƙarafa a Karlstad. Su zan saka mata. Ki yi haƙuri ban nemi shawararki ba, alhali rabinta naki ne. Tsoro na ji ki ce a'a.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Sixten

Lysvik, 2 ga Mayu

Yaya Majken,

Ina gaishe ki, da fatan sabon maganin ɗigawa a idon ya karɓe ki. Wasiƙarki ta iso bayan mako biyar da kika yi ba kya ɗaukar wayata. Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, sannan na shiga na zauna na sake karantawa.

Kin ce na yanke wa motar harshe. Kin ce ba launinta kike kewa ba, ƙararta ce, yadda mukan ji ta tun daga gada tana hawan tudu da safe, mu san Mama ta dawo daga wurin haihuwa, ki ruga ki ɗora kofi, ni kuma in ɓoye kwanukan da ban wanke ba. Ranar da muka ɗaga injin da sarƙa ya fito yana lilo, sai da na fita bayan gareji na ɗan tsaya. Östen ya biyo ni ya ce, "Kai tsoho, in kuka za ka yi ka yi sauri, hannuna ya gaji da riƙe sarƙa."

Kullum sai ya zo da kofi da burodin kirfa na matarsa, ya zauna a kan tsohuwar taya yana zolayata. Jiya ya ce, "Sixten, yaushe za a gama injin wankin nan? Ina da riguna masu datti." Na ce ya jira, shi zan fara wankewa. Amma shi ya yanka mini ƙarfen da ya haɗa sabon injin da tsohuwar giyar motar, ya yi kwana uku a kansa, bai bari na taɓa ba.

A ciki ban canja komai ba. Jar kujerar nan da ta lotsa ta gefen Mama tana nan, haka sitiyarin da zobenta ya goge. Ƙugiyar da take rataye jakar aikinta ma ban cire ba. Injin kuwa na wanke shi na rufe da bargo a kusurwa. Ban sayar ba, ba kuma zan sayar ba sai da izininki.

Na kai ta wurin binciken motoci makon jiya, ba ta ci ba. Sun ce baya ya yi nauyi, kuma gaskiyarsu ce. Dole in kwance batura huɗu in mai da su gaba, in sake jan wayoyin. Kafaɗata tana ciwo, amma zan gama kafin ki zo. In har za ki zo.

Ƙanenki,
Sixten

Lysvik, 18 ga Yuni

Yaya Majken,

Gaisuwa da fatan alheri. Ylva ta kira ni ta ce likita ya ce idonki na hagu ya kusa tafiya. Ba ki gaya mini ba. Yanzu mun yi daidai, kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya.

Motar ta ci binciken ranar Litinin. Daga can ban koma gida ba, na bi hanyar tsakuwa ta wajen Ransby. Shirun motar ya dame ni da farko, sai nake ji kamar gangarowa kawai nake yi. Na tsaya a gaban wani gida in duba taya, sai wata tsohuwa mai sanda ta fito ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ba motar Ungozoma Alfhild ba ce?" Shekarata sittin da tara, Yaya, amma ɗan nan ta ce. Ta ce Mama ce ta karɓi haihuwar tagwayenta, ranar da ƙanƙara ta rufe hanya ta bar motar a gona ta ƙaraso da ƙafa. Sannan ta harare ni ta ce, "To me ka yi mata take tafiya kamar ɓarauniya?"

Ki zo ki gani, ko ki zo ki yi mini faɗa ido da ido. Jirgin Alhamis yana isowa Karlstad da azahar.

Ƙanenki,
Sixten

Lysvik, 11 ga Agusta

Yayata Majken,

Ina fatan kin isa lafiya, kuma ruwan 'ya'yan itacen da matar Östen ta ba ki bai zube a jaka ba. Gidan ya yi mini girma tun da kika tafi.

Har yanzu ina mamakin ranar farko, da kika rufe ido kina faɗa mini kowace kwana kafin mu kai, har da ramin gaban coci. Ba ki ce kin yafe maganar injin ba, ni ma ban tambaya ba.

Wannan wasiƙar kada ki bar ta inda Ylva za ta gani. Da kika ce in ba ki sitiyari a filin Östen bayan an kwashe ciyawa, na so in hana ki. Shekara uku rabonki da tuƙi. Kin ji shi yana ihu, "Ku bi a hankali, filina ne ba filin jirgi ba!" Abin da ba ki gani ba, da kika wuce shi karo na biyu kina dariya gashinki ya warware, ya cire hularsa. Daga baya ya ce mini da ya hango ki ta gilashi ya ɗauka Mama ce.

Kina tuƙi kina tambayata ko hannuna yana kan birkin hannu, ina ce miki yana kai. A zagaye na farko gaskiya ne. Daga na biyu na cire, na ɗora hannuwana a cinya, na zauna kamar yadda nake zama in za a kai ni makaranta. Zagaye bakwai kika yi, Yaya, ke kaɗai.

Ki kula da kanki.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Sixten