Kekena Ba Jaki Ba Ne

Daren Lahadi, farkon damina

Hannuna duk baƙin mai, amma dole in rubuta.

Tun da fetur ya gagara na jingine babur, keken tseren nan na gwanjo ke kai ni makarantar da nake koyarwa a Bici. Jiya Baba ya ce in ɗauko masa buhun taki daga Makoɗa. A garin nan ai duk keke jaki ne, ni kuma bakina ya yi nauyi. Na ɗora buhun a baya, muna faɗawa rami ƙafar baya ta karkace, giyar keken ta shige cikin wayoyin ƙafar.

Malam Sale mai gyara ya duba ya ce, "Malam, wannan keken 'yan gayu ne. Kawo in cire tarkacen nan in datse sarƙar." Na ƙi. In babu giya ba zan riski darasin farko ba, hedimasta kuma ya riga ya ja mini kunne.

Na kife shi a tsakar gida, na ɗaura kara kusa da ƙafar, duk inda ta goga karan sai in ɗaure wayar ɗaya gefen. Giyar kuwa da filaya na miƙar da ita a hankali. Yanzu tana shiga, sai 'yar ƙara. Gobe da asuba zan hau shi, in sha Allahu.

Ɗazu Baba ya leƙo. "Ya tashi? To, saura buhu ɗaya."

Na durƙusa na ce, "Baba, zan kawo maka shi, ko a kaina ne."