Na Irland Sun Hau Kanta, Namu Sun Naɗe Awara

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyar da ta buɗe mana ɗakin karatu a Matameye, a bironsa, wato ofishinsa, da ke Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, ni ne Mushe Habu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Na koyar a Ɗan Barto da Dawce kafin in ajiye alli a nan Matameye. Na san sunan ba zai tuna maka komai ba. Sau uku na rubuto maka a rufe cikin ambulan, ko tarinka ban ji ba. Tun da maganar ɗaki ta ƙi shiga kunne, yau na kawo ta bainar jama'a.

Na ɗaya, yadda aka faro.

Shekara huɗu ke nan, bayan an shigar da gero rumbu, wakilinku Malam Laminu ya yi sallama a zaurena. Ya ce abokan aikinku na ƙasar Irland, wani tsibiri can a Turai, suna son a yi musayar labaran kaka da kakanni: a mayar da nasu Hausa domin yaranmu da manyanmu, namu kuma a buga a aika musu. Ya ce an kwatanta masa ni ne saboda kayye biyar, littattafan rubutun hannu, da nake da su.

Bari in gaya maka mene ne kayyen nan, tun da ba ka taɓa buɗe ko ɗaya ba. Da na bar aiki, shekara uku na yi bisa keke ina bin ƙauyukan Kance da Dawce da Ɗan Barto, ina zama gaban tsofaffi da bik na rubutu a hannu. Mutum goma sha ɗaya suka ba ni abin da ke cikinsu: tatsuniyoyi, labaran kafuwar garuruwa, kirarin maharba, waƙoƙin daka da na niƙa. A cikinsu akwai Baba Ɗan Jimma, tsohon maharbi da idonsa ya mutu. Sai da na yi masa zuwa huɗu kafin ya buɗe baki. Ya ce mini, "Mushe, abin da aka zuba a takarda abincin gara ne. Bar shi a cikina." Ni kuwa da bakina na rantse masa cewa takarda ta fi ciki riƙon amana. Ya yarda, muka yi wata guda a gindin itacen bedin ƙofar gidansa, yana faɗa ina rubutawa.

Kayyen nan biyar ne na ɗauka na danƙa wa Malam Laminu, cikin jakar fatar da matata ta ɗinka musu. Na roƙe shi ya bari in yi fotokofi tukuna. Ya ce kada in wahalar da kaina, cikin sati biyu za a shigar da su inji a dawo mini da abina. Wautar da na yi ke nan, kuma ba na ɓoye ta.

Na biyu, aikin da na yi muku.

Wata shida na yi ina mayar da labaran Irland daga Faransanci zuwa Hausa. Kada a yi mini mummunar fahimta, ba ni da faɗa da labaran nan. Wallahi na so su. Da na zo kan labarin yaran da aka mayar fararen tsuntsaye suka yi ɗaruruwan shekaru bisa ruwa mai sanyi, sai da na ajiye bik na share ido. Na ga mutanen can ma suna da ƙattai da jarumai da mutan ɓoye mazauna tuddai, kamar dai mu. Na ce ashe 'yan'uwa muke da su ba mu sani ba, kuma na ƙagara su ma su ji namu.

Littattafan suka iso, iri biyu: ƙanana masu zane domin yara, da wani mai kauri domin manya. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, kai da kanka ka zo ka yi jawabi, ka ce an gina gada tsakanin al'ummu biyu. Ina can layin baya. Na buɗe littafin ciki da bai, ban ga sunana ba. Wannan bai ci mini rai sosai ba, malamin lakwal ya saba da shuka wani ya girbe. Na tsai da Malam Laminu a bakin mota na ce, "Namu fa?" Ya ce, "Suna hanya, Mushe." Gada ce kuwa, Alhaji, amma ta zuwa ce, babu ta komawa.

Na uku, abin da idona ya gani.

Bayan shekara guda lambar Malam Laminu ta daina shiga, aka ce ya sami aiki a Yamai. Na hau mota na zo Damagaram. Zuwan farko sakatarenka ya ce ka yi tafiya. Na biyu ya ce kana taro, na zauna a benci tun hantsi har la'asar, ka fito ka wuce ni ka shiga mota. A na uku ne mai gadinku, wani dattijo Babarbare, ya ja ni gefe. Ya ce lokacin da kuka tashi daga tsohon biro an share mangaza, ɗakin ajiyarku, tsofaffin takardu kuma aka ce a ba matan da ke sana'a a bakin titi. Ya raka ni da ƙafa har tsohon wurin, wajen wata mai suyar awara ana ce mata Hajara.

Ranka ya daɗe, ina tsaye ta yage shafi daga wani kayye ta naɗe wa wani ɗan kabu-kabu awara, ta barbaɗa yaji. Rubutuna ne. Na gane shi tun daga nesa, kamar yadda uba ke gane ɗansa a cikin taro.

Da mai gadi ya yi mata bayani, baiwar Allah nan ta sauke kasko daga wuta, ta zazzage buhun takardunta a ƙasa, muka durƙusa mu uku muna tsinta. Muka sami kayye ɗaya cikakke, da rabin wani da mai ya jiƙe. Sauran ukun ta ce sun ƙare tun damina. Ta riƙa cewa, "Baba, ka yafe mini, ban iya karatu ba." Ita da ba ta da laifin komai, ita ce ta yi kuka. A duk wannan magana, daga sama har ƙasa, Hajara mai awara kaɗai ta ba ni haƙuri. Ku da kuka iya karatu har da harsuna uku-uku, ku kuka miƙa mata.

Na huɗu, abin da aka yi asara.

Cikin tsofaffin nan goma sha ɗaya, takwas sun riga mu gidan gaskiya. Baba Ɗan Jimma na cikinsu, kuma kayyensa na cikin ukun da suka tafi. Ashe ya fi ni gaskiya, sai dai ba gara ce ta ci ba. 'Yarsa Ladi tana kawo gyaɗa kasuwar Matameye, duk ranar kasuwa sai ta tambaye ni ko littafin babanta ya fito. Ni da na yi shekara talatin ina hana 'ya'yan mutane ƙarya, yanzu kewaye rumfarta nake yi.

Na gwada in rubuta abin da na tuna. Ƙashin labari yana zuwa, amma muryar ba ta zuwa, waƙoƙin kuwa sun tafi gaba ɗaya. Yau jikokina sun san sunan tuddan Irland, ba su san dalilin da ya sa ake kiran rijiyar ƙauyen kakarsu da sunan da ake kiranta ba. Mutanen Irland ba su fi mu labari ba. Abin da suka fi mu shi ne, da wani nasu ya rubuta, wanda ya karɓa ya adana.

Saboda haka ga roƙona.

A bincika injinan bironku, ko Allah ya sa an shigar da wani abu kafin a zubar. In babu, a gaya mini babu, a rubuce, da sa hannunka.

A rubuta wa abokan aikinku na Irland a gaya musu gaskiyar abin da ya sami rabonsu. Ban san me aka ce musu ba, amma ina da tabbacin ba a ambaci awara ba.

A cire hotona da ke manne a bangon ɗakin karatu, inda nake riƙe da kayyen ina murmushi.

Na ƙarshe shi ya fi mini duka. Ka zo Matameye ranar kasuwa, ba da rumfa ko jawabi ba, in kai ka gaban Ladi ka gaya mata da bakinka. Ni na kasa.

Kayye ɗaya da rabin da suka tsira ba na roƙon ku buga su. Suna cikin akwatina, kuma ba za su sake kwana a hannun wani ba. Tsofaffi uku da suka rage, na soma komawa wajensu, ko da yake gwiwata ba ta tuƙa keke yanzu, sai amalanke. Ɗaya daga cikinsu ta ce ba za ta ƙara ba ni ko kalma ba, kuma ban ga laifinta ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya shirya maka zuriya. Allah kuma ya sa duk abin da ka ƙaunata ka bar wa na baya ya faɗa hannun da ya fi na ma'aikatanka tsoron amana.

Wassalam.

Mushe Habu,
tsohon malamin lakwal,
Matameye.