Tuta a Bakin Rafi

Zuwa ga ƙanena Perekeme,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Miebi da yara. Ya ƙafarka? Mama na gaishe ka, ni kuwa ladabi ne kawai ya sa na gaishe ka.

Tutar ƙungiyarku da kuka kafa a bakin rafinmu, mai shuɗi da ja da kore, ta hana mu ci. Ka yi jawabi cewa tana nufin ruwan nan na ƙabilarmu ta Ijaw ne, ka hau jirgi ka koma Yenagoa. Birni ya mantar da kai cewa a garinmu in aka ɗaura ƙyalle a sanda a bakin rafi, iskokin ruwa ne suka rufe shi? Mako uku ke nan babu macen da ta shiga da kwalekwale, ga lokacin jatan lande yana wucewa. Faten agade muke ci babu ko kan kifi.

Na tara mata na yi musu bayani irin wanda nake yi wa ɗalibaina. Mama ta ce, "Malama, littafinki ne zai tsamo ni in ruwa ya riƙe ni?" Aka yi ta dariya. Mai tsafin garinmu ya ce ba shi ya ɗaura ba, don haka ba zai kwance ba. Ka zo ka cire abinka. Na karanta tarihin gwagwarmayarmu fiye da kai, ban ga inda aka 'yantar da mutane da yunwa ba.

Yayarka,
Seiyefa

Perekeme,

Ina gaisuwa. Ina fata zazzaɓin Miebi ya sauka.

Amsarka ta iso, wai tuta ba ta sauka. To, jiya da safe na ɗauki kwalekwalen Mama na wuce ta gabanta. Mata suka yi cirko-cirko a gaɓa, Mama na ihu, "Mai kunnen ƙashi, dawo!" Na ci gaba da tuƙi.

Ban yi nisa ba wari ya tare ni. Bayan lanƙwasa ta biyu ta rafin, ruwan ya zama baƙi ƙirin. Bututun kamfanin mai ya fashe, kifaye sun taso ciki sama, wasu har sun ruɓe. Ya daɗe yana tsiyaya, Perekeme. Da mata na shiga kullum, tun ranar farko za mu gani mu yi kururuwa. Tutarku ta yi wa kamfani gadi fiye da mako uku kyauta.

Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Na cika kwalba da ruwan, ga ta nan tare da wasiƙar. Kar ka turo min jawabi. Ka zo da mutanenka da mai ɗaukar hoto kafin Asabar, in ba haka ba ni da mata arba'in za mu zo ofishinku da matattun kifin a daro.

Ka gaishe da yara.

Yayarka,
Seiyefa