Laƙabin da Ordinatar Ta Ƙi Sani

Dogondutsi, Litinin

Yaya Salman,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Tanti Afra'u da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan alhamdu lillahi.

Kai ka koya mini ordinatar, wato kwamfuta, kai za ka fisshe ni. Ƙungiyar makiyayan da ta ɗauke ni gwaji za ta raba dusa kafin ruwa ya sauka, kuma ba za ta ishi kowa ba. Shef, shugaban aikinmu, ya ce in ware gidajen da dabbobinsu suka yi wa bakuna kaɗan. Na raba yawan dabbobi da yawan mutanen gida, na samu sabon kolon, wato sabon sahun lambobi a jadawalin, na sa masa laƙabi "rabo". Da na ce wa ordinatar ta tace gidajen da "rabo", sai ta ce ba ta san shi ba. Ni da hannuna na raɗa sunan a layin sama! Kaina ya ɗaure.

Ƙanwarka,
Mubarika

Laraba

Yaya Salman,

Ina fatan kun tashi lafiya. Shirunka ya yi yawa, na yi dabarata. Tunda baƙon suna take ƙi, na goge "rabo" a sama da wurin tacewar, na sa "dabbobi", sunan tsohon kolon da ta saba da shi. Nan take ta zubo sunaye. Shef har ya yabe ni. Dalilin dai ban gane ba, kuma hankalina bai kwanta ba.

Taka,
Mubarika

Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Saƙonka ya iso. Wai tacewa take fara yi kafin ta raɗa laƙabi, ko da laƙabin ne a sama? Wa ke karatu daga ƙasa? Ka ce kamata ya yi in maimaita lissafin a wurin tacewar. Ashe da tsohon kolon ta tace, garke ɗungum, ba ruwanta da bakuna. Masu iyali da yawa duk sun zube daga jerin sunayen.

Motar dusa ta riga ta tafi garin Dumega. Ɗazu Malam Ado, wani makiyayi na can mai gida cike da marayun ƙaninsa, ya biyo biro, wato ofishinmu, yana sa mini albarka, a zatonsa yana cikin masu samu. Har amalanke ya aro don kwasar dusarsa. Na duba, babu sunansa.

Shef zan gaya masa gaskiya, ko da gwajina ya ƙare nan. Malam Ado ne ban san da wane baki zan tare shi ba.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Mubarika