Faifan Baba

Dogon Dutsi, 6 ga Maris

Yaya Abdulwahabu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya garin Kwatano, yaya kasuwa? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai jikin Inna. Ƙanwarmu Hidaya ta kira ni daga Kore Mairuwa, ta ce ko kunu sai da lallashi, idanu kuma sun tafi gaba ɗaya. Magana guda take maimaitawa, a sa mata faifan Baba ta ji muryarsa kafin ta bi shi.

Kan allurar garmaho da ka ba direba ya iso, Allah ya saka da alheri. Amma Yaya, wane marar tausayi ya ƙera wannan abu? Wayoyi huɗu, fara, ja, koriya da shuɗiya, kowace kamar gashin jariri, ni kuwa ido ya fara gajiya. Yini biyu ina fama a shago. Da na kunna sai gurnani kamar injin niƙa, ashe koriyar ce ta saki. Na liƙe ta da dalma, na auna da mita, na gwada da wani tsohon faifan Kwango. Tas! Har mai shayi ya leƙo.

Faifan ne ke damuna. Ka san ba irin na kanti ba ne, shi kaɗai Baturen nan ya ba Baba shekarar da ya naɗi kiɗan guruminsa. Ƙarfe ne aka shafe da baƙin fenti, zaman ƙasan adakar Inna kuma ya lanƙwasa shi. In na taɓa shi gabana faɗuwa yake.

A gai da mai ɗakinka da yara.

Ƙanenka,
Is'haƙa

Dogon Dutsi, 11 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Na ce bari in gwada faifan kafin in kai gida. Allura ta dinga tsalle saboda lanƙwasar. Sai na yi abin da muka taso muka ga kowane mai gyara yana yi, na ɗora kuɗin ƙarfe, ƴar dala ashirin, a kan hannun garmaho don ta danne. Ta zauna kuwa.

Yaya, na ji Baba. Ya yi gyaran murya, ya faɗi sunansa da na garinmu, gurumi ya shiga. Na runtse ido ina kuka, ƙato da ni, ban buɗe ba sai da waƙa ta ƙare. Ina buɗewa na ga baƙin zare ya nannaɗe allura. Fentin ne nauyin kuɗin ya sa ta yi ta ferewa tun daga farko har ƙarshe. Na mayar da allura farko, babu komai sai shuuu. Telehon yana aljihuna, ban naɗa ba, wai ni gwaji nake.

Shekara talatin ina gyaran rediyo, kai, tir da ni! Na kwance wayoyin nan na sake ɗaurawa sau uku, alhali na san ba laifinsu ba ne. Na kai wa Malam Sharif da ya yi aiki a gidan rediyo, ya ɗaga faifan a rana, ya miƙo mini, ya ce in yi haƙuri. Kunya da baƙin ciki sun hana ni cin abinci. Abin da Inna ta ɓoye shekara hamsin, ni kaɗai na saurara, na kuma kashe shi.

Ɗazu Hidaya ta kira tana murna. Wai tun da Inna ta ji garmaho ya gyaru ta tashi zaune, jiya har tuwo ta ci. Ta sa a wanke zanenta na salla, ta aika wa ƙawayenta biyu da suka rage su zo ranar Juma'a. Hidaya ta tambaye ni ko ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarmi.

Yaya, na buɗe baki in faɗa mata, na kasa. Na ce ta share.

Ka yafe mini in za ka iya.

Ƙanenka,
Is'haƙa